Kalli da Mutanen Tumbun Ciko

Kalli ba bulama ba ne, ba malami ba ne, ba shi kuma da dukiya. Bayan wani kwalekwale da suka tsufa tare, abin da ya mallaka gora ce doguwa ta tuƙi, wadda yake cakawa cikin ruwa ya ce wa baƙo, "Nan za ka zuba." Aikinsa ke nan a Tumbun Ciko, tsibirinmu na cikin Tafkin Cadi, can gabas da Barwa. Ni Laminu mai ɗinkin koma, na zauna da shi zana ɗaya ce tsakaninmu, tun gashina yana baƙi. Shi ya sa na ga in ban ba da labarinsa ba, haka nan zai tafi.

Sai na fara faɗin yadda tumbun yake, don wanda bai san wurin ba zai yi wuya ya gane mutumin.

Da farko ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa, inda Buduma ke kwantar da shanunsu masu manyan ƙahonin nan. Uwar Kalli Buduma ce, a tudun aka haife ta. Ubansa Babarbare ne daga Barwa, ya biyo kifi a shekarun da tafki ya ja baya, ya zo bai koma ba. Da labarin kifin wurin ya bazu, mutane suka yi ta zuwa, tudu ya cika, har aka rasa inda za a kafa ko rumfa. Sai tsofaffin lokacin suka yanke cewa duk baƙon da ke son zama ya kawo ƙasarsa. Ya tafi wani tudun da ba kowa, ya loda ƙasa a jirgi, ya yanko ciyawar kacalla ya shimfiɗa a gefen ruwa, ya zuba, ya sake shimfiɗawa, ya sake zubawa, har wurin ya iya ɗaukar bukka. Ƙasar shiga muke ce mata. Da haka tumbun ya yi ta faɗi, kamar tabarmar da ake ƙara wa saƙa.

Doka ɗaya ce: inda wanda ya riga ka ya tsaya, nan za ka fara. Ba wata hikima ce ta kawo ta ba. In kowa ya zuba inda ya ga dama, za a toshe hanyar jirage, a bar ramukan ruɓaɓɓen ruwa tsakanin gidaje. Uban Kalli ne ya fara riƙe gorar nuna wuri, da ya rasu ta koma hannun ɗansa ba tare da an yi wani naɗi ba. Kalli kansa da ya auri Falmata, ɗakin ubansa ya yi musu kaɗan, ya je ya ɗebo ƙasarsa kamar kowane baƙo ya zuba a ƙarshen layi. Ni ne na zo bayansa, daga wajen Damagaram. Haka muka zama maƙwabta.

Saboda wannan doka ba mu da unguwar Hausawa ko ta Barebari. In ka tashi daga tsohon tudu, inda masallacin Juma'a yake, ka nufi bakin ruwa, za ka san wa ya riga wa zuwa, amma ba za ka iya cewa nan ne wurin su wane ba. Ga Bahaɗeje, kusa da shi Bajukune daga Binuwai, sai Bakabe mai taru, sai mutumin Mali cikin waɗanda suka kawo mana gura ta kama kifi. Bayansa wata Shuwa mai man shanu, sai ƴan Cadi biyu da ba mu taɓa jin yarensu ba sai a wurinsu, sai Ibo mai kayan injin jirgi, wanda kuma shi ke cire mana haƙori. Na gefena ta ɗaya ɓangaren Agyo ne, Bajukune, Kirista. Ran Lahadi yana waƙarsa ina ɗinkina, da azumi kuwa matarsa ba ta soya kifi sai rana ta faɗi. Ban roƙe ta ba, ba ta kuma taɓa faɗa mini don ni take yi ba.

Ana yawan tambayata mu nawa ne a tumbun. Ban sani ba. Abin da na sani, masu allurar yara sun taɓa zuwa da akwatunansu, maganin ya ƙare ba su kai ga masallaci ba. Lokacin kamun kifi kuwa, wasu a cikin jiragensu suke kwana don ba wurin miƙe ƙafa. Lungunanmu, in mata biyu suka haɗu ɗauke da roba, sai ɗaya ta shiga gidan mutane ta jira. In aka yi rasuwa, ta saman dangogi ake miƙa makara hannu da hannu har jirgi, a kai wani tudun a rufe. Yaranmu kan fara magana da Barbarci, su ci gaba da Hausa, su yi zagi da Buduma, uwayensu su dake su da yare na huɗu.

Kada a ɗauka zaman ba faɗa. Ana yi kullum, a kan hayaƙin banda, a kan akuya, a kan wanda ya ɗaure jirgi a wurin wani. Amma da wuya faɗan ya zama na su wane da su wane, don in ka ce za ka tara mutanenka, sai ka tsallake gidaje da yawa kafin ka samu na farko, kafin nan ka huce.

Wuta ma muna da ita. Bukkokin kara manne da juna, ga murhun banda ko'ina, ai dole. Sai dai ruwa yana gab da kowa. Kowane gida da ƙwarya rataye a ƙofa, ba a shan ruwa da ita, ba a ba da aronta. Da an ji "wuta", kowa ya sunkuto tasa, a jera daga bakin ruwa zuwa inda take ci, ana miƙa cikakka ana maido da wofi. Ban taɓa ganin ta wuce bukka biyu ko uku ba.

Kalli mutum ne gajere, mai kaurin wuya, maganarsa kaɗan. Akwai wani Haladu, dillalin banda daga Haɗeja, da ya zo da jirage cike da ƙasa, da mata, da rediyo. Kalli ya tura kwalekwale ya caka gora kusa da bukkar wani Buduma da ambaliya ta koro daga nasu tudun da matarsa Fatime.

Haladu ya ce, "Baba, can nake so, kusa da Alhaji Mahaman. Garinmu ɗaya da shi."

Kalli ya ce, "Nan."

"Wannan na kusa wane ne?"

"Mutum ne."

"Na ga mutum ne. Wane iri?"

"Irin da ya riga ka zuwa."

"Ko gaisuwarsu ban iya ba."

"Matarka za ta iya kafin wata ya mutu. Kai ka yi ta ɗaga hannu."

Haladu ya yi ta ƙunƙuni, amma nan ya zuba. Ƴaƴansa duka a hannun Fatime suka faɗo duniya, don ita ce ta zama ungozomar wannan gefen.

Haka muke har yaran nan na Boko Haram suka fara shigowa tafki. Da farko ɗai-ɗai suke zuwa, su karɓi kifi da mai su wuce. Daga baya suka fara tafiya da samari, wasu da yardarsu, wasu da igiya. A bazarar shekara ta 2015, bayan harin da suka kai tsibirin Karamga, aka aiko cewa kowa ya fita daga tsibirai cikin ƴan kwanaki. Ba zan tsawaita a kan tafiyar nan ba. Jirage sun kasa, muka sauka inda ruwa ya ƙare muka taka, rana tana dukan mu, mu da muka saba miƙa hannu mu sha. Mijin Fatime a hanya ya zauna gindin wata ƙaya bai tashi ba. Ɗanta Abbakar kuwa ya ƙi barin shanunsu, ya kaɗa su cikin ruwa ya ce zai biyo mu. Bai biyo ba, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Kowa ya ɗauko abin da yake gani shi ne rayuwarsa. Ni allurata da ƙullin zare. Wasu koma, suka yi ta jan ta a cikin yashi. Kalli ya bar kwalekwalensa, ya ɗauko gorar. Falmata ta yi masa faɗa a hanya, ta ce da tukunya ya ɗauka. Ya ce gorar ai tana tokare shi.

A bakin tudu aka fara raba mu. Manyan motoci suka kwashe ƴan Najeriya zuwa Gaidam, Agyo yana ciki, Haladu ma. Ƴan Mali da ƴan Cadi kowa ya nemi hanyarsa. Mu da muka rage muka ɗan zauna a Barwa, can ma ba ta zaunu ba, muka yi ta matsowa yamma har muka iso bakin kwalta kusa da Asaga, inda mutanen garin kansu suka gudo suka bar bakin kogi.

Wani manomin tattasai ɗan Asaga mai suna Grema ya ba mu aron gonarsa ta gero. Shi ma ba abin da yake yi lokacin, gonar tattasansa tana bakin Komadugu, ba a zuwa, ko an noma ma an hana fitar da shi. Yana zaune a inuwa yana kallonmu ranar da muka fara kafa bukkoki. Kalli ya caka gorarsa a yashi, wanda ya fara isowa ya kafa tasa. Ya zare, ya caka a jikinta, na biyu ya kafa. Ba wanda ya yi gardama. Ba mu san wani zama ba bayan wannan, kuma gaskiya, bayan abin da muka gani a hanya, ba mai son ya kwanta inda ba zai ji tarin maƙwabcinsa ba.

Grema ya taso ya ce, "Kai mutumin ruwa, daga kwalta har waccan aduwa gonata ce, duk na ba ku. Don me kuke cunkushewa kamar banda a kwali?"

Kalli ya ce, "Haka muke zama."

"Can ruwa ne ya matse ku. Nan wa ya matse ku?"

"Ba kowa."

"To in wuta ta tashi fa?"

Kalli ya nuna masa ƙoren da mata suka riga suka fara ratayawa a ƙofofi. Wasu gwangwani ne, wasu yankakkiyar jarka, amma kowace ƙofa da nata.

Grema ya ce, "Ƙwarya kam na gani. Ruwan fa?"

Kalli ya ce Allah zai tsare. Mu duka muna tsaye, mun ji da kunnuwanmu, amma maganar ba ta shige mu ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa ruwa na lasar bayan ɗakinsa, ko ya kwana a layin tanki da jarka, wani wuri a cikin kansa yana nan yana cewa ruwa na kusa.

Abin da Kalli ke so ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: kada mutanen tumbu su watse. Yakan ce ranar da aka buɗe tafki, a tashi layi guda a koma, kowa ya san na gefensa. Da waɗanda aka kai Gaidam suka fara dawowa ɗai-ɗai, don can ma ba wurin zama, sai ya sa kowa ya kawo ƙasar shiga. Yashi ne a ko'ina, amma sai ka je bayan gona ka ciko roba, ka kawo ka juye inda ya caka gora. Mutanen Asaga suna dariya, suna cewa ga masu kai yashi gidan yashi. Mu ma muna dariyar, amma muna yi. Agyo ya dawo ya juye tasa. Haladu ya dawo ya rame, ba rediyo, ba jari, ya juye tasa. Da yake a mota ɗaya suka iso daga Difa da Fatime, wadda ta je neman labarin ɗanta, ita ta fara sauka, sai ya sake faɗawa gefenta.

Masu ba da taimako da suka zo sun so kowace ƙabila ta fito da mutum ɗaya da za su riƙa magana da shi. Wata yarinya a cikinsu ta tambayi Kalli ƙabilarsa, ya ce Tumbun Ciko. Ta ce ba gari take tambaya ba. Ya ce to ta zaɓa, uwa ko uba, shi duk wanda ta bari zai yi fushi a kabari. Ta yi dariya ta wuce. Daga baya dai sun samu mutanen da suke so, don abinci ta hannunsu yake zuwa.

Zaman bakin kwalta yana cin mutum a hankali. Ba kamun kifi, an hana. Ba babur, an hana. Masunta da suka saba fita tun asuba suna zaune suna kallon motocin soja na wucewa. Ni ba wanda ya kawo mini koma, sai na koma ɗinkin tampol da buhu. A irin wannan zama magana take tsiro. Aka fara cewa Buduma ne ke nuna wa yaran hanya a cikin tafki, su ne suka san kowane lungun ruwa. A kasuwar Difa ake faɗa, ta biyo mu har layi. Da sojoji suka zo suka tafi da wasu mazanmu, suka tsare su ƴan kwanaki kafin su sako su, sai Haladu ya tara mutane a rumfar salla bayan la'asar.

Ya ce, "Baba Kalli, ba ƙiyayya ba ce. Amma muddin Buduma na cikin layin nan, kullum za a zo a kwashe mu. Su koma gefe, mu huta, su ma su huta."

Kalli ya ce, "Wanne daga ciki?"

"Duka. Ga wannan ta gefena, ina ɗanta yake? Wa ya san inda yake?"

"Naka ƴaƴan fa, wa ya yanke musu cibi?"

"Wannan daban."

"Ni ma rabina Buduma ne. Wane rabin zan tura gefe, na sama ko na ƙasa?"

Wasu suka yi dariya, Haladu bai yi ba. Ya ce, "Kai kana wasa, mu ake ɗaurewa."

Kalli ya ce, "Ta riga ka sauka daga mota, ta zuba, ka zuba. Ban san wata doka ba."

Aka tashi a haka. Fatime tana jin komai, don zana ɗaya ce ta raba rumfar da bukkarta. Washegari na ga ta tana yi wa ƙaramar ƴar Haladu kitso.

Wutar ta zo a bazara ta biyu, da rana tsaka, lokacin da yashi ke ƙona tafin ƙafa. Guguwa ce ta ratso gonar ta bi ta kan wani murhu. Na wa ne, ba wanda ya sani, ko da yake daga baya an sami masu rantsuwa cewa na Fatime ne. Na ji an ce "wuta", kafin in yi tunani ƙwaryata tana hannuna. Kowa haka. Muka jera kamar yadda muka saba, kafaɗa da kafaɗa, tsoho da yaro, Agyo a damana, wata Shuwa a haguna, layin ya miƙe ya nufi gabas, inda bakin ruwa yake a tumbu. Na miƙa hannu ina jiran cikakka ta iso.

Ba ta iso ba. Na ɗaga kai na hango na farkon layi tsaye a gefen kwalta, ya sunkuya da ƙwarya a hannu, yana kallon baƙin titi. Kalli ne.

Aka juye abin da ke cikin jarkoki, bai kai ko'ina ba. Mutanen Asaga suka zo da gudu suna cewa mu watsa yashi, mu rushe bukkokin da ke gaba don ta rasa abin ci. Mu ba mu san haka ake yi ba, kuma ko an rushe ɗaya, ta gaba tana manne da ta gabanta. Wutar ta bi layi kamar mai bin hanya, daga wanda ya fara zuwa har wanda ya zo ƙarshe. Allah ya tsare rai, ba wanda ya mutu. Amma awaki sun tafi, da hatsin da aka raba mana a satin, da komar nan da mutane suka jawo a yashi tun daga tafki suna ajiye da ita don ranar komawa. Hannun Falmata ya ƙone wajen ciro tabarma. Gorar tana jingine a ƙofa, rabinta ya ci.

Grema bai ce "na faɗa muku" ba. Ya kawo mana kara da ruwa a amalanke, ya zauna kusa da Kalli har magariba.

Mutanen perfe, wato shugaban gundumar, da masu taimako suka zo da sababbin tampol, suka ce daga yau a bar fili tsakanin bukka da bukka, yadda wuta ba za ta tsallaka ba. Gaskiyarsu ce, ba wanda ya musa. Sai dai da aka ce kowa ya ja baya, ba a ce ina ba, kuma ba wanda ya je ya kira Kalli, shi ma bai fito ba. Kowa ya ɗauki tampol ɗinsa ya duba inda ya ji ana yarensa. Hausawa suka taru wajen kwalta. Barebari suka matsa kusa da mutanen Asaga. Shuwa suka yi arewa. Buduma ba wanda ya kore su da baki, sun dai duba sun ga ba inda aka bar musu sai bayan tudun yashi, wajen daji, suka tafi can. Cikin sati ɗaya an sami unguwanni, abin da tumbu bai taɓa yi ba tun kafuwarsa.

Ni da Kalli muka rage a wurin toka, da Agyo da ba shi da ƴan yarensu a wurin. Kalli ya daina fita ko rumfar salla. Yana zaune yana shafa wa Falmata magani, yana kallon ƙasa. Wata rana da hantsi ya ce mini, "Laminu, in an matse su sun ƙone, in an sake su sun watse."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ruwan nan ashe shi ke riƙe da mu. Ni ina ganin gora ce."

Na ci gaba da ɗinkina.

Bayan ƴan kwanaki na gan shi ya ɗauki robar wanka ya cika ta da yashi, ya aza a ka, guntuwar gorar a hannu. Ya bi ta gaban unguwar Hausawa, ba sauri, wuyansa na rawa. Haladu yana zaune a ƙofa.

Ya ce, "Baba, ina zuwa da kaya haka?"

Kalli ya ce, "Baƙunta."

Na bi shi a baya. Ya hau tudun yashi ya gangara, ya tsaya gaban bukkar Fatime, wadda take ta ƙarshe, daga ita sai ƙaya. Ta fito tana goge hannu. Ya miƙa mata gorar.

Ya ce, "Kin riga ni zuwa nan. Ina zan zuba?"

Ta ce, "Kalli, kai ma da wasa."

"Wuyana ya gaji. Nuna mini."

Ta karɓa ta tsaya tana juya ta. Sannan ta taka daga jikin bukkarta, ta yi ta takawa har inda ta ga wuta ba za ta kai ba, ta caka. Ya juye. Na koma na ciko tawa, Agyo ya ciko tasa, ta nuna mana, kowa da filinsa tsakani.

Na so in ce daga nan mutane suka biyo mu. Kaɗan ne suka zo: wani Bakabe da iyalinsa, tsohuwar Shuwa mai man shanu, da wani ɗan Mali da ya dawo bai sami kowa nasa ba. Haladu bai zo ba. Matarsa dai takan ratso tudun da rana, musamman da ta sami ciki, shi kuma yakan yi kamar bai sani ba. Sauran suna nan inda suka zaɓa, muna gaisawa a layin ruwa, yaransu da aka haifa nan yare ɗaya suke ji.

Kalli ya rasu a damina ta gaba, ciwon ƙirji. Wannan karon ba a miƙa makara ta saman danga ba, fili ya ishe mu, mutum huɗu suka ɗauke shi suka bi ta tsakiyar unguwannin. Daga kowace aka fito aka bi mu, har Haladu. Da aka rufe shi kowa ya koma tasa.

Da aka sassauta aka bar masunta su shiga wasu wurare, wani yaron Agyo ya kai har tumbun a ɓoye. Ya ce duk cikon da muka yi ruwa ya cinye, tunda ba mai ƙara masa ƙasa. Tsohon tudun ne kawai ya rage, da katangar masallaci, da kacalla ta fi mutum tsawo. Na gode Allah da Kalli bai ji wannan ba.

Gorar tana wurin Fatime. Ba a cika zuwa ba yanzu, amma in wani ya ɓullo da kaya a ka yana neman wurin kafa bukka, takan fito da ita. Ba ta tambayarsa daga ina. Falmata tana nan, hannun ya warke ya ƙanƙance. Ni ma ina nan, idona ya rage, ina ɗinka buhu da laluben yatsa. Ƙwaryata tana ƙofa har yanzu, sai dai na sauke ta daga rataya na ajiye a ƙasa, cike da yashi, kamar yadda su Grema suka koya mana.